Darasi na 7: Awon ƙarfin tsohuwar Fijo da sakin bawul ɗin da ya maƙale

Motar da za mu yi aiki a kanta Fijo 504 ce, irin wadda aka haɗa a Kaduna. Injinta silinda 4 ne. Ta yi shekaru a rumfa ba a taɓa ta ba. Yanzu ana murza makulli inji yana juyawa fayau, amma ta ƙi tashi. Kafin kowa ya zargi kafireto, sai mu auna matsin iskar da ke cikin silinda.

Kashi na 1: Awo

Ku tanadi geji (na'urar awon matsin iska), sufanar fulogi, takarda da biro. E, biro. Wanda bai rubuta ba bai auna ba.

A takardar, ku rubuta 1, 2, 3, 4, kowace lamba a layinta. Ku cire wayar tsakiya ta kwayil. Ku kwance fulogi dukkansu huɗu. Ku sa gejin a ramin fulogi na farko, ya zauna daram.

Yanzu ga wurin da ake faɗuwa. Wanda ke cikin mota ya taka totur har ƙasa. Har ƙasa, ƙafa ta taɓa daɓe. Idan totur a rufe yake, iska ba ta shiga, geji kuwa iska yake aunawa. Sai ya ba ku ƙaramar lamba, ku yi wa lafiyayyen inji ƙazafi.

To, totur yana ƙasa? Sai a murza makulli, inji ya juya kamar sau 5. A duba allurar geji, a rubuta lambar a layin 1. A saki iskar geji ya koma sifili. A koma rami na 2. Kafin a murza, a tambayi na cikin mota: "Ka taka?" Ya ce ya taka. Haka a na 3, haka a na 4. Kada ku ji kunyar maimaita tambayar. Idan kun manta sau ɗaya ba laifi, kowa da haka ya fara, a sake awon kawai.

Amma makon jiya sau uku na faɗa, har na rubuta a allo, duk da haka mutum biyu suka kawo mini lambobin da aka auna da ƙafa a sama. Haba jama'a! Dattawa ne ku, masu iyali. Taka totur ba karatun boko ba ne.

Kashi na 2: Karanta lambobi

A ce kun rubuta 130, 125, 60, 130. Na 3 ne mara lafiya. Ku zuba baƙin mai cokali ɗaya na shayi a raminsa, ku taka totur har ƙasa, ku sake aunawa. Idan lambar ta hau sosai, zoben fistin ne ya cinye, man ya toshe kafar na ɗan lokaci. Idan ta tsaya a 60, ku dubi bawul, wato ƙofar da ke buɗewa ta rufe don iska ta shiga silinda ko hayaƙi ya fita. Idan silinda biyu maƙwabtan juna ne suka faɗi tare, galibi gaskit ne ya ƙone a tsakaninsu.

Kashi na 3: Bawul

Ku buɗe murfin saman inji. Ku juya inji da sufana, a hankali, ba da makulli ba, don kada fistin ya daki bawul ya lanƙwasa shi. Bawul 8 ne, kowanne yana sauka yana dawowa. Wanda ya sauka bai dawo ba, shi ne tsatsa da tsohon mai suka riƙe. Ku ɗiga masa kananzir ta tsakanin sifirin, ya kwana. Da safe ku ɗora guntun katako a kansa, ku ɗan bubbuga, ba da ƙarfi ba. Idan ya ƙi, a ƙara kananzir, a ƙara kwana.

Kashi na 4

Idan ya saki, a canza baƙin mai, a sake awo. Totur har ƙasa. Idan bai saki ba bayan kwana 3, sai a sauke kan inji.