Darasi na Tara: Shayin Ganyen Fayin da Lokacin Mura

A ƙasashen sanyi irin su Kanada, Rasha da Koriya akwai bishiyar da ake kira fayin. Ganyenta dogo ne siriri kamar allura, kuma yana nan kore shar ko da ƙanƙara ta rufe ƙasa. Idan sanyi ya kama, mutanen can kan shiga daji su tsinko ganyen su yi shayi. Yanzu maganar wannan shayi ta iso wayoyinmu, ana cewa maganin mura ne. Ku karanta a hankali, mu ga inda gaskiyar ta tsaya.

Ganyen fayin yana ɗauke da bitamin C. Wanda ya daɗe bai sami wannan bitamin ba, dasashinsa kan kumbura ya yi ta zubar da jini, haƙoransa su fara girgiɗi, jikinsa ya mutu. Haka ta faru da wani matuƙin jirgin ruwa Bafaranshe, Jacques Cartier, da mutanensa a sanyin 1535 zuwa 1536, kusa da inda birnin Kwibek na Kanada yake a yau. Ƙanƙara ta tsare jiragensu, babu ɗanyen ganye, babu ’ya’yan itace, mutum 25 suka rasu. Wani ɗan ƙasar mai suna Domagaya ya nuna musu yadda ake dafa ganye da ɓawon wata bishiya dangin fayin, suka sha, sauran suka warke. A Yaƙin Duniya na Biyu ma, da sojojin Jamus suka yi wa birnin Leningrad na Rasha ƙawanya daga 1941 zuwa 1944, an riƙa jiƙa ganyen fayin ana raba wa jama’a don kare su daga wannan ciwo.

Ku lura, ciwon rashin bitamin ne ya warkar, ba mura ba. Ƙwayar cuta ce ke kawo mura, kuma shayi ba ya kashe ta. Abin da kofi mai ɗumi ke yi shi ne ya sassauta maƙogwaro, tururinsa ya ɗan buɗe hanci, jiki kuma ya sami ruwa. Wannan ma ba ƙaramin taimako ba ne ga mai mura.

Ga yadda masu yin sa suke yi. Sukan tsinko ɗanyen ganye kore daga bishiyar da ke nesa da titi, wadda ba a yi wa feshi ba. Su wanke, su cire ɗan kube mai ruwan ƙasa da ke gindin ganyen, su yayyanka ƙanana. Cokali ɗaya ko biyu ya isa kofi guda. Sai su tafasa ruwa, su sauke, su zuba a kan ganyen, su rufe kamar minti 10 zuwa 15. Ba sa barin ganyen yana tafasa a wuta, domin zafi mai yawa yana lalata bitamin C, kuma shayin ya yi ɗaci. Daga nan a tace, a sa zuma in ana so. Ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba zuma.

Babban haɗarin yana wajen tsinka. Ganyen fayin na gaskiya a ɗaure yake fitowa, biyu-biyu, uku-uku ko biyar-biyar a kube ɗaya. Akwai wata bishiya a Turai da Amurka mai kama da ita, ganyenta ɗai-ɗai ne mai ɗan faɗi, ’ya’yanta ja, kuma dafinta na iya tsayar da zuciya. Ko cikin fayin ɗin ma, akwai nau’in da ake kira fandarosa a yammacin Amurka, wanda ke sa shanu ɓari idan sun ci. Saboda haka mai juna biyu ta nisanci wannan shayi gaba ɗaya. Itacen da ake shukawa a bakin hanyoyinmu mai rassa sirara gaɓa-gaɓa, wanda iska ke kaɗawa yana fito, shi ma ba fayin ba ne. Duk ganyen da ba ku tabbatar da shi ba, kada ya shiga tukunyarku.

Ni a ganina ba mu da dalilin wahalar neman sa. Su can sanyi ne ya hana su ɗanyen abinci. Mu kuwa da hunturu ga lemo, ga gwaba, ga garin ’ya’yan kuka, duk masu bitamin C ne. Ruwan ɗumi da citta da lemun tsami zai yi muku aikin da wancan shayi zai yi.

Idan zazzaɓi ya haura kwana uku, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙirji na ciwo, a tafi asibiti. Yaro ƙarami da tsoho kuwa ba a jira da su. A nemi gwajin jini, domin zazzaɓin cizon sauro kan fara tamkar mura.

Aikin aji: Kowa ya rubuta jimla uku a kan abin da ake ba mai mura a gidansu, sannan ya karanta wa na kusa da shi.