Fara rubuta Python: inda masu koyo ke tuntuɓe

Sauke Python 3 daga python.org. A kan Windows, kafin ka fara shigar da shi ka saka alama a akwatin "Add python.exe to PATH". In ka tsallake shi, kana rubuta python a Command Prompt (tagar rubuta umarni ta Windows) kwamfuta za ta ce ba ta san umarnin ba, ko ta buɗe maka Microsoft Store. Marar kwamfuta ya saka Pydroid 3 a wayar Android, ta isa a fara.

Buɗe sabon fayil a IDLE (manhajar rubuta Python da ke zuwa tare da shi), ka rubuta wannan, ka adana shi da suna lissafi.py, sai ka danna F5:

a = int(input("Kuɗin shinkafa: "))
b = int(input("Kuɗin mai: "))
print(a + b)

Kula da int ɗin nan sosai, shi ke mayar da rubutu lamba. Duk abin da input ya karɓa, rubutu ne a wurinsa, ba lamba ba. Cire int ka shigar da 500 da 300, sai ka ga 500300, domin manna su kawai ya yi. In kuma ka rubuta 1,500 da waƙafi, saƙon kuskure na ValueError zai tare ka.

Layin if (sharaɗi) ko for (maimaitawa) yana ƙarewa da ɗigo biyu (:), na ƙasansa kuma ya shiga ciki da sarari 4. Kada ka gauraya Tab da sarari. Alamar = ajiya take yi, == kuwa tambaya ce: shin daidai suke?

Idan jan rubutu ya bayyana, fara karanta layinsa na ƙarshe, nan sunan kuskuren yake. Lambar layin da ya jawo shi tana sama kaɗan. Kada kuma ka sa wa fayil suna random.py, zai tare wa import random (umarnin ɗauko random na Python) hanya.