Yadda na tada injin ƙaramin jirgina da ya ƙame

Shekara 2 injin .46 (lambar girman injin ke nan) na jirgina mai rimot yana ajiye, laifina ne, ban tsiyaye ragowar mai ba, man kasto (man zurma) da ke gauraye a cikin man ya daskare kamar ƙaro, farfela ko motsi. Don Allah kar ka murɗa da ƙarfi, konrod, wato sandar da ke haɗa fistin da shaft ɗin farfela, zai lanƙwashe. Na cire filogi da kafireto na jiƙa injin cikin methanol (wani nau'in sifirit) ya kwana, da ya bushe na hura masa diraya har ya ɗau zafi sai ga fistin ya saki. Ya tashi amma ina ba shi wuta sai ya mutu, ashe tiyon mai ne ya tsage yana shan iska, kumfa fal ciki. Na sa sabo, na buɗe allurar da ke daidaita shigar mai zagaye 2, yanzu lafiya lau yake kuka.