Direbobin gazuwal, ku kula da zafin mai

Salamu alaikum 'yan uwa direbobi, musamman masu bin hanyar Tanut zuwa Agadas. In bazara ta kama, zafin Damagaram a Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40.

A motocin gazuwal na zamani, famfo yana matsa mai da ƙarfi sosai, man da inji bai ƙona ba kuma sai ya koma tanki da zafinsa. Shi ya sa wasu motocin ke da 'yar ƙaramar lagireto a ƙarƙashi, a kan bututun da ke mayar da mai. Iska ce kawai ke sanyaya ta. In yashi da taɓo suka toshe ta, gazuwal ya yi zafi ya tsinke, santsinsa ya ragu, famfo da injekta (masu fesa mai cikin inji) su fara cinyewa. Kuɗinsu kuwa ba wasa ba ne.

Duk ranar canjin baƙin mai, ku ce wa bakanike ya leƙa ta, ya hura mata iska a hankali, kada fukafukanta su lanƙwashe. Kuma kada ku bar tanki ya sauka ƙasa da kwata, don mai kaɗan ya fi saurin ɗaukar zafi. Masu motar fetur ma haka, man tanki ne ke sanyaya famfonsu.