Shawara ga masu gyaran tsohuwar tarakta Massey Ferguson 135: kafin ku sayi sabon geji

Salamu alaikum 'yan uwa. MF 135 da aka ƙera a Coventry ta Ingila har yau tana noma a gonakinmu, sai dai gejinta na asali ya yi wuya. Galibin abin da ke kasuwa kwaikwayo ne, wani mai kyau, wani fenti kawai.

Agogon da ke ƙirga juyin inji da awannin aiki shi ya fi yaudarar mutane. Iri biyu ne: wani allurarsa dama take juyawa, wani hagu. Ku cire tsohon ku tafi da shi shago, a gwada har da bakin kebul ɗinsa.

Gejin zafi mai siririn bututun ƙarfe kuwa, kada a yanke bututun ko a lanƙwasa shi da ƙarfi. Ruwan cikinsa na fita, ya mutu ke nan. Kafin a ɗaura, ku tsoma kansa a tafasasshen ruwa. In allura ba ta kai kusan digiri 100 na Celsius ba, ku mayar wa mai shi. Injin Perkins na wannan tarakta ya fi ƙarfin a yi masa ganganci da gejin ƙarya.

Gejin man dizal a saye shi tare da na'urarsa ta cikin tanki, don ba kowanne ke jituwa da wani ba. Wanda ya sauya na'urar cajin batir daga dinamo zuwa altaneta kuma, gejin caji mai amfiya 30 ya yi masa kaɗan.

Tsohon geji kada a yar. Sau da yawa gilashi da wanki kawai yake bukata.