Yadda ake tsayawa gaban taro a yi magana ba tare da an rikice ba

Na daɗe ina taimaka wa yaran Islamiyyarmu da matasan ƙungiyar unguwa wajen shirya jawabi, walimar sauka ce, taron iyayen yara ne, ko muhawarar makarantu, kuma abinda na lura dashi shine yawancinsu ba rashin abin faɗa ne ke kada su ba. Minti biyun farko ne. Yaro zai haddace jawabinsa tsaf a gida, ana miƙa mishi makirufo sai ya faɗa cikin gaisuwar manyan baƙi ya ɓace a ciki, kafin ya fito numfashi ya ƙare, mutane kuma tuni sun koma kan wayoyinsu. Toh a nan zan fi daɗewa.

Da farko dai ka san magana ɗaya da ka zo faɗa. Ɗaya tak. In an ce ka yi magana kan shaye-shaye a unguwa, kar ka ɗauko tarihin ƙwaya tun daga farkonta, ka zaɓi abu guda, misali iyaye su san inda ɗansu yake tsakanin magariba da isha'i, shikenan, duk labari da ayar da zaka kawo su zo suna tallafar wannan. Ni ƙa'idata itace in ba zaka iya faɗa wa abokinka maganar ba kafin mai adaidaita sahu ya ɗauke ku daga Ƙofar Mata ya sauke ku Ƙofar Nassarawa, ba ka gama shiri ba. Ka rubuta kanun maganar guda uku ko huɗu a ƴar ƙaramar takarda da manyan baƙaƙe. Ban yarda da karantawa daga waya ba sam, allon zai mutu, kira zai shigo, kanka kuma yana sunkuye tun daga farko har ƙarshe.

Yanzu gaisuwa. Mu a Kano ba a tsallake ta, kuma daidai ne, ladabinmu ne. Amma wallahi ta kada mutane da yawa, ni ma ta kada ni. Karon farko da aka sa ni jawabin maraba a walimar sauka, na dogara da ƙwaƙwalwata, na fara lissafo manya da ka, sai na ambaci dagaci kafin wakilin hakimi, sannan na kira wani dattijo da sarautar da ba tashi ba. Daga layin gaba wani ya ɗaga murya ya gyara min, gaban kowa. Daga nan duk abinda na shirya ya gudu daga kaina, hannuna na rawa, na yi ta maimaita godiya har mai gabatarwa ya zo ya karɓi makirufo. Abin ya daɗe yana damuna, sabida malamanmu sun yarda dani ne suka bani wannan aikin.

Ga yadda nake koya wa yara yanzu. Kafin a fara taro ka je wajen mai gabatarwa ko wanda ya shirya taron, ka ce don Allah a baka jerin manyan da suka iso, waɗanda suka iso ɗin fa, ba waɗanda aka rubuta a katin gayyata ba, domin sau da yawa wakili ake turowa. Ka rubuta su da hannunka bisa tsari: hakimi ko wakilinsa, sai dagaci, sai mai unguwa, liman da malamai ka tambaya inda masu taron suka ajiye su. Ka tambayi sarautar mutum daidai, ka furta sunan da bakinka sau biyu a gefe. Wannan takarda ita kaɗai ce na yarda ka karanta kai tsaye, babu kunya a ciki. In kuma ba kai ne mai magana na farko ba, an riga an jero su, to kar ka sake jerowa. Ka yi sallama, ka yi salati, ka ambaci babban baƙo da shugaban taro, ka ce iyayena da malamaina ina gaishe ku baki ɗaya bisa tsarin da aka gabatar, ka shiga maganarka. Babu dattijon da zai ji haushi, su ma sun gaji da zama, musamman in rana ta take a ƙarƙashin rumfa.

In kuma tsautsayi ya sa ka yi kuskuren suna aka gyara maka, ka tsaya, ka kalli mutumin, ka ce ranka ya daɗe a gafarce ni, ka faɗi daidai ɗin, ka wuce. Sau ɗaya. Ban haƙuri sau uku shine ke tuna wa mutane kuskuren.

Sannan don Allah a daina buɗe jawabi da ni ba gwanin magana bane, ko ban shirya ba kawai aka ce in tashi. Muna ɗaukarsa tawali'u ne, amma abinda mai sauraro ke ji shine an bashi izini ya daina saurare. Jimlar farko bayan gaisuwa ka haddace ta kamar karatun allo, ita da ta ƙarshe, sauran ka bar su su zo da kansu daga kanun da ka rubuta. Ɗan gajeren labari na gaske yafi komai buɗe taro, abinda ya faru a layinku, ko abinda wata uwa ta faɗa maka.

Atisaye kuma ba sai ka biya kuɗin wani kwas ba, ana ta tallata su a Facebook da tsada, ni ban ga abinda zasu baka da wayarka ba zata baka ba a matakin farko. Ka jingine wayar, ka miƙe tsaye, ka ɗauki kanka bidiyo kana magana da ƙarfi kamar a taron, sannan ka daure ka kalla. Zaka ji kanka kana wato, wato, ka gane, ka gane, da cusa Turanci inda babu buƙata alhali rabin ƴan taron tsofaffi ne. Duk inda bakinka ke son cewa wato, ka yi shiru kawai. Shirun nan yana da amfani sosai. Ka nemi jawaban marigayi Ɗanmasanin Kano Alhaji Yusuf Maitama Sule a YouTube, wanda ya taɓa wakiltar Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya rasu a 2017. A ƙarshen rayuwarsa idonsa ya tafi, babu takarda a hannunsa, amma ka lura da yadda yake jan magana a hankali, ya ɗaga murya ya sauke, ya tsaya sai kowa ya nutsu sannan ya ajiye kalmar da yake so. Kar ka kwaikwayi muryarsa, yara da yawa suna haka kuma baya musu kyau, tsayawar zaka koya. Kuma ya tabbata a hadisi cewa Annabi (SAW) yakan maimaita magana sau uku don a fahimta, don haka waccan magana ɗaya taka, ka dawo da ita sau uku a cikin jawabin.

Tsoro ba zai tafi duka ba. Kafin a kira ka, ka ja numfashi ta hanci har cikinka ya taso, ka sake a hankali, kamar sau biyar, ka karanta addu'ar Annabi Musa da ke cikin Suratu Ɗaha, aya ta 25 zuwa 28. Ruwa mai ƙanƙara ko zoɓo mai sanyi ka bar shi sai ka sauko, balle lokacin hunturu da ƙura ke busar da maƙogwaro, ruwan ɗumi da ɗan zuma ya ishe ka.

Makirufo: tazarar yatsu uku ko huɗu daga baki, kar ka dunƙule kansa da tafin hannu, kar ka hura mishi iska. In ka ji ya fara ƙara to a gaban lasifika kake tsaye, matsa gefe. In an ɗauke wuta kar ka tsaya jiran janareto, ka matso kusa da mutane ka ɗaga murya ka cigaba. Idonka ka raba shi uku, dama, tsakiya, hagu, kuma kar ka manta ɓangaren mata in suna gefe ko bayan labule, ka ambace su kai tsaye ka ce iyayenmu mata.

Lokaci kuma, in an baka minti goma ka shirya na bakwai, sabida taronmu baya farawa kan lokaci kuma kiran sallah ba zai jira ka ba. Kana cewa daga ƙarshe to ya zama ƙarshen ne da gaske, ka faɗi jimlar da ka haddace, ka yi addu'a gajeriya, ka yi sallama, ka miƙa makirufo hannun mai gabatarwa, kar ka ajiye shi kan tebur a kunne.