Yadda za a hana tsatsa cin ƙarfen ayyukan gwamnati a Maraɗi

Mutane da yawa suna zaton busasshen gari kamar Maraɗi ba ya fama da tsatsa. A duba ƙasan kadarko ko ƙafar shato, wato dogon tankin ruwa, bayan damina biyar, za a ga kankare ya tsage, ƙarfe ya leƙo waje ja wur. Duk dokar da za a kafa kan wannan ba za ta yi amfani ba sai an rubuta adadi cikin takardar kwangila, wanda mai sa ido zai iya aunawa a wurin aiki.

A fara da kaurin kankaren da ke rufe ƙarfe, domin nan ne aka fi yin ganganci. Siminti da kansa yake kare ƙarfe, muddin iska da ruwa ba su ratsa sun kai gare shi ba. A ginshiƙi da dakali a bar santimita 3. Abin da ke cikin ƙasa ko wanda ruwa ke duka, kamar gadojin Gulbin Maraɗi da magudanan ruwa, a ba shi santimita 5. A zuba ƙananan tubalan siminti masu wannan kauri, a ɗaure su da waya tsakanin ƙarfe da katakon da ake zuba kankare a ciki. Ba dutse ba, ba guntun itace ba. In ƙarfe ya kwanta jikin katako, tsatsa za ta kama shi, ta kumbura ta ninka girmansa, ta fasa kankaren daga ciki.

Sai kwaɓi. Buhu 7 na kilo 50 a kowane mita kubik, ruwa kada ya wuce lita 25 ga buhu. Magina suna son ƙara ruwa don kwaɓin ya yi saurin zuba, amma ruwan nan in ya bushe ƙofofi yake bari. Rijiyar da ruwanta ke da ɗanɗanon gishiri ko kanwa, a ƙyale ta. Yashin gulbi mai laka a wanke shi. Bayan zubi a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, a yi ta ban ruwa kwana 7, musamman lokacin hunturu da bazara da iska ke shanye danshi cikin sa'o'i.

Ƙarfen da ke fili, irin turakun fitila da shingen gada, ya fi kyau a tsoma shi cikin narkakken tutiya. Wanda kaurinsa ya haura milimita 6 ana neman rufin tutiya mai kaurin maikuron 85 (maikuron dubu ne milimita ɗaya). In fenti ne, a kankare tsatsa da maiƙo tukuna, a shafa fentin farko na ƙasa a ranar, kuma kada a yi shafi cikin ƙurar hunturu. Wurin walda da ramin ƙusa su ake fara bi da buroshi, don daga nan fenti ke soma ɓarewa.

Mai sa ido ya auna tazarar ƙarfe ya sa hannu kafin a zuba kankare. Bayan an zuba, gyaran sai da guduma.